Gogen mahaifina ya daina magana, na shafa masa mai?

Tambaya: Malam don Allah a taimaka min. Babana makaɗin goge ne, amininsa ne ya haɗa masa gogen, tare suke yawon biki tun suna samari, shi yana goge aminin yana buga ƙwarya. Duk sun rasu. Yanzu da damina na ɗauko shi sai muryar ta dushe, wani ya ce in shafa man gyaɗa a fatar da tsagiyar, wani kuma ya ce muryar ta bi mai ita kabari. Hankalina ya tashi wallahi.

Amsa: Allah ya jiƙansu da rahama. Ɗana kwantar da hankalinka, muryar tana nan, damina ce kawai. Fatar guza da aka ɗaura a kumbon in ta sha danshi sai ta saki, jaki, wato ɗan abin da ke tokare tsagiya a kan fatar, ya nutse a ciki, shi ya sa kake jin sa kamar mai mura. Ka fito da shi hantsi ya ɗan sha rana kaɗan, banda gasawa a bakin murhu.

Amma maganar mai ɗin nan, haba jama'a. Kusan kullum sai an kawo min goge yana ta naso da man gyaɗa ko man kaɗanya ko basilin, mai shi ya ce wai wani masani ne ya ba shi shawara, masanin da ko tsagiya bai taɓa ɗaurawa ba. Tsagiya gashin wutsiyar doki ce, kuma ƙarar tana fitowa ne don ƙaron da ake goga mata yana sa gashin ya riƙa kama ɗan'uwansa na jikin abin gogawa yana saki, to ka sa mai me zai kama? Sai dai santsi, ka yi ta gogawa shiru. Fatar kuma ta tsotse man ta yi lagwab, ba ta ƙara ɗamewa har abada, ga kiyashi da ɓera su biyo ƙanshin. Akwai wanda na kwance, fatar ta dawo kamar tsumman tuya, mai shi yana tsaye yana hawaye don na kakansa ne. Fata ba takalmi ba ce da za a yi mata folish.

Kuma ka sani abin da ke hannunka aikin mutum biyu ne. Mai haɗa goge in ya saba da makaɗinsa, da muryarsa yake auna girman kumbo da yawan gashi, a zauna a ɗaure a kwance har sai waƙa da goge sun zauna wuri ɗaya. Wannan aunin aminin babanka ne kaɗai ya san shi, in ka lalata fatar sabuwa za a saka amma ba wannan muryar ba.

Nemi ƙaron ararrabi busasshe ka goga wa tsagiyar, ka rataye gogen a ɗaki nesa da ƙasa cikin jakar yadi, ba leda ba. In tsagiyar ta tsinke kai wa mai sana'ar ya sake ta kaɗai, ka tsaya a kansa kada ya taɓa jakin.