Jinin da aka ɗiba bayan gudu

Auwalu, na ga saƙonka. Ka ce wani ɗan ƙwallo ya shigo lab kai tsaye daga filin atisaye, gumi bai ko bushe ba aka ɗebi jininsa, sai ga fararen ƙwayoyin jini sun haura. Kana tambaya ko wannan ne abin da ka ji ana faɗa, wai motsa jiki mai tsanani yana fito da ƙwayoyin tushe daga ɓargo su shiga jini.

Yana fito da su kam. Amma ba su ka gani ba.

Ƙwayoyin tushe su ne waɗanda ba su gama zama komai ba tukuna. Daga cikinsu ake samun jajayen ƙwayoyi da farare, wasunsu kuma ana ganin suna da hannu a gyaran bangon jijiyoyin jini. Mazauninsu ɓargo. Waɗanda ke yawo a jinin mai lafiya ba su cika kai goma ba a maikurolita ɗaya, wato ɗan ƙanƙanin ɗigon jini, alhali fararen ƙwayoyi a wannan ɗigon dubbai ne. Ko sun ninka sau huɗu, injinmu na ƙidayar jini ba zai nuna maka ba. Ko ka shafa a gilashi ka leƙa, ba za ka raba su da limfosayit, wani nau'in fararen ƙwayoyi, ba. Sai an liƙa musu alamar da ke kama CD34, wani furotin da ke jikinsu, an bi da su ta na'urar filo saitomita mai tantance ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, wadda mu ba mu da ita.

Abin da ka gani ya fi haka sauƙi. Idan mutum ya zage yana gudu, sinadarin adirenalin mai zaburar da jiki yana tashi, jini yana kwarara da ƙarfi, sai fararen ƙwayoyin da ke lafe a bangon jijiyoyi da huhu da saifa su saki su bi gudun, kamar yadda ruwan sama mai ƙarfi yake kwaso abin da ya kwanta a bakin kwata. Na biyu, kuma nan masu koyon aiki ke faɗuwa: ruwan jini yana raguwa. Wani ya shige tsoka, wani ya tafi a gumi, har kusan kashi goma cikin ɗari ko fiye. Jinin ya yi kauri, kowace ƙidaya ta tashi ba tare da an ƙara ƙwaya ko ɗaya ba. Koma ka duba PCV ɗin yaron, wato kason jajayen ƙwayoyi a jininsa, ina kyautata zaton shi ma ya ɗaga.

Maganar ƙwayoyin tushe ta yi ƙarfi ne daga 1997, lokacin da Takayuki Asahara da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka ba da rahoton irin waɗanda ke da alaƙa da jijiyoyi a cikin jinin manya. A Jamus, a 2004, an nuna cewa ɓerayen da ke gudu suna samun ƙarinsu, kuma abin yana raunana idan jiki ba ya haɗa iskar naitirik oksaid yadda ya kamata. Masu bincike a Palermo ta Italiya sun sa 'yan wasan tuƙa kwalekwale suka yi mita 1000 iya ƙarfinsu, ƙwayoyin CD34 suka ninka. Sai dai su ɗin dai, a 2002, sun auna masu tseren dogon zango suka tarar a zaune ma sun fi marasa motsi yawan ƙwayoyin, amma da gama tseren adadin bai tashi ba, washegari da safe ma ƙasa ya yi. Ka ga ke nan irin wasan, da tsawonsa, da mintin da allura ta shiga, duk suna juya sakamako.

Ni dai ina taka-tsantsan da masu cewa gudu yana "sabunta jijiyoyi". Har yau ana gardama kan ko waɗannan ƙwayoyi suna zama bangon jijiya da kansu, ko taimako kawai suke yi daga gefe. Kuma tashin na ɗan lokaci ne. Wanda zai ba da irinsu don dashe, allurar G-CSF, maganin da ke fito da su daga ɓargo, ake yi masa kwana huɗu ko biyar kafin su isa a tara. Gudun safe ba ya kai nan.

Shi ɗan ƙwallon, kada ka miƙa wa likita wannan takarda haka tsirara, ya ɗauka wata cuta ce ya rubuta masa maganin da ba ya buƙata. Rubuta a jikinta cewa daga atisaye ya zo, ka ce yaron ya dawo da safe a ranar da bai yi wasa ba, ya sha ruwa, ya zauna ya huce kafin ka taɓa shi. Robar ɗaure hannu kada ta wuce minti ɗaya, ita ma tana kaurara jini. Idan wata rana aka kawo muku aikin bincike irin wannan, ku ɗiba kafin wasa da bayansa a kwalbar EDTA mai hana jini daskarewa, ku rubuta lokaci daidai, sannan ku cire tasirin kaurin jini da lissafin Dill da Costill na 1974, wanda ke amfani da himogulobin da PCV. Ka zo min da takardun yaron guda biyu, mu zauna in nuna maka yadda ake lissafin.