Tagar rufin motar kwana ta tsage, wacce za a saya?

Ɗan'uwa, ka ce tagar saman motar kwananku a Jamus ta tsage, ruwa na ɗiga kan katifa, kana neman wadda za ka sa a madadinta.

Kafin ka kalli farashi, kwance firam ɗin ciki ka auna ramin da aka yanka a rufin, ba murfin ba. A Turai yawanci santimita 40 ne ta kowane gefe. Na Amurka inci 14 ne, wajen santimita 36, saboda haka kada ka yi oda daga can ido rufe. Sai ka auna kaurin rufin. Tagar Mini Heki ta kamfanin Dometic, alal misali, kala biyu ce: ta milimita 25 zuwa 42, da ta 43 zuwa 60.

In kuna girki da gas a ciki, ɗauki wadda iska ke ratsa ta ko tana rufe. Ni dai na fi son mai fanka irin MaxxFan Deluxe, domin ana barinta a buɗe ko ruwa ake yi, sai dai za ka ja mata waya daga batir.

In motar Fiat Ducato ce, rufinta na da kwari da tudu, sai an sa firam mai cike kwarin. Kuma don Allah kar ka liƙe da silikon ɗin banɗaki. Na taɓa yin haka, hunturun farko da bokiti muka kwana a gefen gado. Kankare tsohon gam tsaf, ka goge, ka sa gam mai hana ruwa shiga, irin butil ko Sikaflex.