Me Ya Sa Tafasa Ta Mamaye Mana Makiyaya?

Tambaya: Ina kiwo a gefen Kachiya. Da can gamba kan fi tsayin mutum a makiyayarmu, yanzu sai tafasa da kashin yawo. Duk rani muna sa wuta don toho ya fito, amma abin sai ƙara lalacewa yake. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, tafasa ba ta korar gamba, wuri aka bar mata ta shiga. Gamba a saiwa take ajiye abincinta. Idan ruwan farko ya sauka a Afrilu ko Mayu ta yi toho, shanu suka aske, ta sake fitowa suka sake askewa, ajiyar ƙarewa take, gindin ya mutu. Tafasa kuwa shanu ba su damu da ita ɗanya ba, ita ce ke samun sararin zuba iri. Sai fili ya yi kore shar amma saniya na ramewa. Kyasuwa da harkiya su ma su ja baya, zabin daji su bi su.

Wutar ma ta ƙara. Tohon da kuke nema da rani daga wannan ajiyar yake fitowa, ba ruwan da zai mayar da ita. Wutar Fabrairu da Maris ta fi muni: ciyawa ta bushe ƙayau, iska na kaɗawa, ta ƙone ƙananan itatuwan ɗorawa da kaɗanya, naitirojin, sinadarin da ke ciyar da tsiro, ya bi hayaƙi, ƙasa ta tsaya tsirara ruwan farko ya wanke ta. Kuma yawancin kabon, sinadarin da tsirrai ke zuƙa daga iska, da filin kiwo ke riƙewa a ƙarƙashin ƙasa yake, cikin saiwa da ruɓaɓɓen ganye. Saiwa na mutuwa, yana komawa sama ya ƙara ɗumamar yanayi. In wutar ta zama dole, a sa ta a Nuwamba da sauran ɗanyen ciyawa, kuma ba kowace shekara ba.

A ganina hutu ya fi komai. Ku ware wani ɓangare tun farkon damina, kada dabba ta taka shi sai gamba ta zubar da iri, baɗi ku ware wani. A shekarun 1980 an gwada killace 'yar gonar ciyawar sitailo, mai dangantaka da wake, a yankin Kachiya don abincin rani. Tana ƙara wa ƙasa naitirojin. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika, kusa da Zariya, za a iya tuntuɓar ta kan iri.

Sai dai makiyayar ta kowa ce. Idan ka hutar da fili wani ya kora garkensa ciki, aikin banza ne, don haka ku fara zama da ardo da mai unguwa kafin ruwa ya sauka.