Kafin Ka Kunna Kyamara a Gaban Kaka

Ka aiko kana tambaya wace kyamara ta dace ka ɗauki kakarka da ciwon mantuwa ya kama, tun labaran da ke kanta ba su tafi ba. Ku yaran yanzu ke nan, kullum zancen kyamara. Ɗauki wadda ke hannunka, ka kai makirfo kusa da bakinta. Wanda sai an koya masa wannan, gara ya nemi wata sana'ar.

Da ba zan ma amsa ba, sai dai ka fama mini tsohon miki.

Shekara 3 na yi ina bin wani dattijo mai irin wannan ciwo. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana cikin waɗanda aka kora bayan wani yajin aiki. Sunan matarsa yakan ɓace masa, amma sunayen abokan da aka kora tare da shi yana jero su ba tuntuɓe. Ka san abin da ake kira fim? Wannan shi ne. Ranar farko na tambaye shi, ya ce in ɗauka, matar ma ta ce ba komai. Ni kuma da girman kaina na ga ai mun zama 'yan gida, fito da takarda a ce a sa hannu cin fuska ne. Na kwana a asibiti tare da su. Da hannuna na ba shi ruwa. Wata rana ya riƙe ni yana kira na da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa, kyamara tana aiki, hannuna ko motsi bai yi ba. Cikin ku wa zai iya?

Ya rasu ina tsakiyar tacewa. Sai ga babban ɗansa, wanda a shekara 3 ɗin nan sau biyu na ga ƙeyarsa, ya zo da lauya. Wai na ci zarafin mahaifinsa, wai mutumin da bai san ranar da yake ciki ba ba shi da izinin da zai bayar. Abin da ya fi ƙona mini rai, ta fuskar doka maganarsa tana da ƙafa. Daga baya ya aiko a asirce: in na sa sunansa a matsayin furodusa, na ba shi rabin abin da za a samu, to mutuncin uban ya gyaru. Na ƙi. Matar ta yi shiru, ban kuma ga laifinta ba, ɗanta ne.

Kada ka ɗauka ni kaɗai ne wawa. Frederick Wiseman, wanda shari'a ma ya karanta, ya ɗauki fim a asibitin masu taɓin hankali na Bridgewater a jihar Massachusetts ta Amurka. Fim ɗin ya fito a 1967, kotu ta hana nuna wa jama'a da hujjar an keta sirrin majinyata, ba a sake shi ba sai 1991. Shi dai ya ga ranar. Nawa yana nan a faifai cikin durowa, duk shekara sai na kwafe shi a sabo don kada ya lalace, kamar mai kiwon akuyar da ba za ta haihu ba.

Don haka ka zauna da duk 'ya'yan kakar, har wanda ba ya zuwa gaishe ta, shi ne ma na farko. Kowa ya sa hannu, a rubuta inda za a nuna fim ɗin da wanda ke da ikon cewa a cire wani wuri. Ita kuma ka tambaye ta a gaban kyamara duk ranar ɗauka, da safe lokacin da hankalinta ya fi zama. Ranar da ta ce a'a, tattara kayanka, ko da jiya ta ce e. Kada ka ce ai danginka ne; rigimar dangi ta fi ta bare tsawon rai.

Kawo takardar in duba kafin ka fara. Ka haɗo da makirfona da ka ara tun watan jiya.