Wace Na'urar Wuta Ce Ta Dace da Ƙaramar Kwamfuta?

Tambaya: Malam, na haɗa kwamfuta da kaina a ƙaramin akwati, amma na rasa irin na'urar wutar (PSU, mai raba wa sassan kwamfuta wutar lantarki) da zan sa mata. (Mai karatu daga Mabera, Sakkwato)

Amsa: Malam, ka fara auna gurbin, domin ƙananan akwatuna galibi samfurin SFX suke ɗauka, mai faɗin milimita 125, ba ATX mai 150 ba. Sannan ka lissafa wutar da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto (sashen da ke sarrafa hotunan da ake gani a allo) suke ja, ka bar rara. Idan babu katin hoto, wat 450 ya wadatar har da saura. Ni dai na fi son mai tambarin 80 Plus Gold, wato shaidar cewa ba ta ɓarnar wuta sosai, saboda kaɗan daga wutar da take ja ke komawa zafi, kuma ka san yadda Sakkwato take a watan Afrilu.