Dalilin da ya sa masu gadin gandun daji ke ɗaukar makamai irin na soja

Malam, ka tambaya ko me ya sa ake ba masu gadin namun daji bindigogin yaƙi da horon soja, alhali dabbobi kawai suke tsaro. Gandun dajin Zakouma da ke kudu maso gabashin Chadi ya isa misali.

A 2002 giwayen gandun sun kai kimanin 4,000, amma zuwa 2010 ba su wuce 450 ba, domin mahara ɗauke da manyan bindigogi suna zuwa bisa dawakai daga wajajen Sudan, su buɗe wa garke wuta, su sare haure su tafi. Mai gadi da sanda ba zai tare irin waɗannan ba. A shekarar 2010 ce ƙungiyar African Parks, mai aikin kare gandun daji a Afirka, ta karɓi ragamar gandun tare da gwamnatin Chadi, daga baya ta kafa rundunonin kai ɗaukin gaggawa da ake kira Mamba, ta kuma ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda garke yake ta tauraron ɗan'adam.

Aikin ba na wasa ba ne, don a watan Satumban 2012 mahara sun afka wa masu gadi shida a sansaninsu na Heban da ke arewa da gandun suna tsakiyar sallar asuba, kuma babu ɗayansu da ya koma gida.

A ganina, bindiga kaɗai ba ita ta sa giwayen suka sake hayayyafa har suka haura 500 ba. Rediyon oba-oba da aka raba wa ƙauyukan kewaye, wanda manoma da makiyaya ke sanar da shigowar baƙin mahaya da shi, ya taimaka ƙwarai, tunda maharan da ke kashe giwa su ne kuma ke addabar mutanen.