Zomo a Cikin Ɗaki: Tambayoyinku, Amsoshinmu

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba 'yata kyautar ɗan zomo, an ce watansa biyu. Mun bar shi yana yawo a falo, cikin mako guda ya datse wayar caja biyu, yanzu kuma ya koma wa bakin darduma. Mun yi tsawa, har ɗan duka, bai fasa ba. Ina mafita? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dukan nan a bar shi, ba abin da zai haifar sai tsoro, ya riƙa ɓuya da ya ji motsinku. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro muddin yana raye, na gaba kan ƙaru da kimanin milimita 2 a mako. In bai samu abin da zai goge su ba, sai su yi zaƙo-zaƙo har su hana shi cin abinci. Gwaguya dole ce a wurinsa, don haka ɗakin za a gyara.

Ki durƙusa ki dubi falon daga ƙasa, yadda shi yake ganinsa. Duk wayar da ke kwance, ta fanka ce ko ta talabijin, a zura ta cikin bututun roba irin na masu aikin wayarin, ko a ɗaure ta sama inda ba zai kai ba ko ya miƙe a ƙafafun baya. Caja kuwa a riƙa zare ta da an gama. Asarar caja da sauƙi: wayar da ke jone da wuta tana ƙona masa baki, tana iya kashe shi nan take. A toshe bayan firji da ƙarƙashin kujera da katako. Maganin ɓera da fiya-fiya kada su kusanci ɗakin da yake, turaren wuta ma a yi shi a wani ɗakin, hancinsa ba ya jure hayaƙi.

Sannan a ba shi nasa abin tauna: kwali mara leda, wanda aka cire masa salatif, da tarin busasshiyar ciyawa. Kada a sakar masa gidan gaba ɗaya tun yanzu. A keɓe masa lungu guda mai kamar mita 2 a tsaye, mita 1 a kwance, da kwalin da aka huda wa ƙofa biyu don ya ɓuya. A riƙa fito da shi da sassafe da kuma gab da magariba, lokacin da ya fi kuzari, ido na kansa. In ƙasan tayil ne a shimfiɗa tsohon zane, santsi yana ɓata wa ƙananan zomaye ƙafa.

Tambaya: Gaskiya ne ana iya koya wa zomo yin bahaya a wuri ɗaya? Nawa ko'ina yake yi. (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Ana iyawa, Malam, don dama shi da kansa yake zaɓar kusurwa. Ka lura da inda ya fi yin fitsari, nan za ka ajiye roba mai faɗi, mai gajeren baki. Ka shimfiɗa tsohuwar jarida, ka zuba ciyawa a gefe guda, domin zomo yana son ya riƙa ci yana yi. Ka ɗebi 'yan ƙwayoyin kashinsa da takardar da ka goge fitsarinsa ka sa a ciki. Inda ya ɓata a waje ka wanke da binega da ruwa, rabi da rabi, don warin ya gushe, in ba haka ba zai koma. Jaridar a canza kullum.

Sai dai ka sani, tsakanin wata 3 zuwa 6 yake balaga, a nan tarbiyyar kan rushe, namiji ya fara fesa fitsari a bango yana shata iyakarsa. Maganin wannan dandaƙa ce a hannun likitan dabbobi. In akwai zomanya a gidan, a raba su har mako 6 bayan aikin, don yana iya yi mata ciki a wannan tsakanin, kuma cikinta wata ɗaya ne kacal.

Tambaya: Karas da dusa nake ba nawa, jiya na ga kashinsa ya yi laushi ya manne masa a gindi. Zawo ne? (Wata mai karatu daga Jos)

Amsa: 'Yar'uwa, abincin ne da gyara. Karas zaƙi ya yi masa yawa, dusa kuma ba ta da tsawon zaren da hanjin zomo ke buƙata. Kashi 80 cikin 100 na cimarsa ya kamata ya zama busasshiyar ciyawa mai tsabta, irin su harkiya da kyasuwa, tana gabansa dare da rana. A kullum ya ci tarin da ya kai girman jikinsa. Harawar gyaɗa ko ta wake ta dace da mai tasowa, amma in ya wuce wata 6 a rage ta, sinadarin kalsiyam ya yi yawa a cikinta, shi ne ke sa fitsari ya yi kauri kamar an dama alli. Kowace ciyawa ce ki sansana ta tukuna. In tana warin ruma ko ta yi fumfuna, a zubar.

Ɗanyen ganye sai ya kai mako 12, kuma iri ɗaya a lokaci guda, ɗan kaɗan, a jira kwana biyu a ga yadda kashin zai fito. Ganyen karas, na zogale da na dankalin Hausa duk suna yi. Albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa, biredi da ragowar tuwo, babu su. Karas ɗan yanka kamar kan yatsa ya isa. Ruwa a kwano mai nauyi wanda ba zai kifar ba.

Game da abin da kika gani: zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshe mai kama da ƙwayar magani, akwai kuma mai laushi, a cure, mai sheƙi, wanda yake cinyewa daga jikinsa don ya samu sauran amfanin abincin. Ba ƙazanta ba ce, haka aka halicce shi. In abinci ya yi masa maiƙo sai ya bar wannan na biyun ya manne. Ki janye karas, ki rage dusa a hankali cikin mako guda, ki goge wurin da tsumma mai ɗumi kafin ƙuda ya yi masa ƙwai. Amma in kashin ruwa ne tsululu, ko ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ya takure yana cizon haƙora da ƙarfi, a kai shi wurin likita a ranar. Zomo ba ya amai, duk abin da ya tsaya masa a ciki ya tsaya ke nan. Kuma don Allah kada a buɗe kafson amoksisilin ko ampisilin a ɗura masa, irin waɗannan suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, shi ma su tafi da shi.

Tambaya: Zafin bazara fa? Ko in riƙa yi masa wanka? (Wani magidanci daga Sakkwato)

Amsa: A'a, Alhaji, ban da wanka. Gashinsa ba ya bushewa da wuri, firgitar ma kaɗai tana iya illata shi. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake fitar da zafi, kuma da ma'auni ya haura digiri 30 ya shiga haɗari. A ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, a naɗe gorar ƙanƙara da tsumma ya jingina da ita, a riƙa shafa masa ruwa a bayan kunne. In ka ga yana numfashi da baki a buɗe, abin ya yi nisa, sai likita. Wajen ɗaukarsa kuma a ja wa yara kunne, kada su kama nasa: hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a manna shi a jiki, don in ya yi harbi da ƙafa a iska ƙashin bayansa na iya karyewa.